Yadda ake haɗa manhajar kirifto da ethers.js, da inda mutane ke zamewa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau kam ba maganar farashi zamu yi ba, ba ruwanmu da wane koin ne zai tashi ko wanne ne zai faɗi, yau ƙarƙashin mota zamu shiga mu ga injin. Ka san duk wata manhajar kirifto da ke wayarka, wacce kana dannawa ta nuna maka balans, ka sake dannawa kuɗi su tafi, to wanda ya rubuta ta fa ba shi ya ƙirƙiro lissafin da ke ciki ba. Laburare ya ɗauko, wato tarin kod da wasu suka riga suka rubuta suka ajiye a fili, kowa ya ɗauka kyauta, kowa ya karanta, wanda ya ga kuskure ya gyara. Kamar kai markaɗe ne, kayan miyan naka ne, girkin naka ne, amma ba zaka tsaya ƙera inji ba don kawai zaka yi miyar yau.

Wanda zamu yi aiki da shi sunansa ethers.js, na yaren JavaScript ne, don Ethereum aka yi shi da sauran bulokcen da ke tafiya a kan tsari irin nata, su Polygon, su Base, su Arbitrum, su BNB Chain. Wani ɗan Kanada, Richard Moore, shi ya fara rubuta shi kuma shi ke riƙe da shi, kod ɗin na nan a GitHub da lasisin MIT, ma'ana ko manhajar kasuwanci zaka yi ka sa shi ciki ba mai cewa ka biya ko sisi. Na san wasu zasu ce ai a tsofaffin bidiyo web3.js suka gani, eh haka ne, da shi aka fi sani a da, amma masu kula da shi sun rufe aikin a watan Maris na 2025, don haka in yau zaka fara kada ka fara da shi. Akwai kuma viem, shi ma yana da kyau sosai, ni dai hannuna ya fi sabawa da ethers ne kawai.

To bismillah, ku dubi allo. Na buɗe tamina, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, na rubuta npm install ethers, shikenan ya sauka, shi npm ɗin shi ke sauko maka da laburare. Wannan siga ta 6 ce, wacce ta fito a 2023, ku lura da wannan don in kuka kwafo kod ɗin siga ta 5 daga intanet kuka liƙa zai ta zubo muku era, wato saƙon kuskure, kuna zaton ku ne baku iya ba, alhali sunayen abubuwa ne aka canza.

Abu uku ne ƙashin bayan laburaren nan. Na farko Provider, ɗan aike ne, shi ke zuwa wajen nod, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan bulokcen, ya tambayo maka, nawa ne a adireshin nan, wane bulok ake ciki yanzu, nawa kuɗin gas, wato kuɗin aikin da ake biya kan kowace turawa. Ba ya iya taɓa kuɗi, kallo kawai. Ga shi nan na rubuta JsonRpcProvider na ba shi adireshin nod, galibi daga kamfanoni irin su Infura ko Alchemy ake karɓa tunda ba kowa ke iya riƙe nod nasa ba, ballantana mu da wuta da data suke yadda suke. In kuma a burauza kake kuma mai amfani yana da walet ɗin MetaMask sai ka yi amfani da BrowserProvider. Na biyu Wallet, shi ne mai sa hannu, shi ke riƙe da makullin sirri. Na uku Contract, shi ke magana da simat kontirak, wato kod ɗin da ke zaune yana aiki a kan bulokcen, ka ba shi adireshi ka ba shi ABI, wato jerin ayyukan da kontirak ɗin ke amsawa, sai ka dinga kiransu kamar fonshon ɗin da kai ka rubuta.

Kalli layin nan, sendTransaction, na ba shi adireshin mai karɓa da adadi, shikenan. A bayan fage kuwa ya tambayo nonce, wato lambar da ke ƙirga tura kuɗi na nawa kenan daga wannan adireshi, ya ƙiyasta gas, wanda in tura Ether ne zalla, wato kuɗin Ethereum, 21,000 ne, ya sa lambar cen, wato lambar da ke bambanta wannan bulokcen da sauran, don kada a ɗauki sa hannunka a kai wata cen daban, ya sa hannu da lissafin secp256k1, sannan ya tura. Duk wannan in kai zaka rubuta da hannu wata da watanni zaka yi, kuma kuskure ɗaya kuɗin mutane ne ya tafi ba dawowa.

Yauwa, nan ne nake so mu daɗe, don nan ne na fi ganin sababbi suna faɗawa rami. Ethereum bata san ɗigo ba, ba wani abu wai 0.5 a cikinta, komai cikakkiyar lamba ce. Ether ɗaya ana rubuta shi ne a wei, ɗaya da sifili 18 a bayansa. Shi kuma JavaScript lambarsa ta yau da kullum bata iya riƙe abin da ya wuce 9,007,199,254,740,991 daidai, ka ga kamar babbar lamba ce ko, to in ka mayar da ita wei bata kai ko 0.01 na Ether ba. Ka gwada ma yanzu a burauzarka, rubuta 0.1 + 0.2, zai baka 0.30000000000000004. Da wannan zaka yi lissafin kuɗin jama'a? Shi ya sa siga ta 6 ke amfani da BigInt, wato nau'in lambar JavaScript da ke riƙe cikakkiyar lamba komai girmanta, kuma adadi a matsayin rubutu ake ba parseEther, cikin alamar zance, in zaka nuna wa mutum kuma sai ka juya da formatEther.

Sai tokin, wato kuɗin da ke zaune a cikin kontirak, wanda shi ne ya fi shafarmu tunda a nan Najeriya ana yawan hada-hada da USDT, tokin ɗin da darajarsa ke bin dala. USDT a kan Ethereum sifili 6 gare shi ba 18 ba. Amma wanda ke kan BNB Chain 18 ne. In ka sa 18 a kan Ethereum kana son tura dala 50, abin da ka rubuta dala tiriliyan 50 ne, zai ƙi tafiya tunda baka da su, wannan da sauƙi. Akasinsa ne bala'i, ka sa 6 a kan BNB Chain, zai tafi lafiya lau, manhajarka ta nuna kore, an tura, mutumin can kuma ya duba bai ga komai ba don ƙura ka tura masa, a fara rigima a WhatsApp kowa na rantsuwa. Maganin kawai kada ka rubuta lambar da ka, ka kira decimals a kan kontirak ɗin ya gaya maka da bakinsa, sannan ka ba parseUnits. Af, kafin wani ya tambaya, USDT na Tron wanda 'yan P2P suka fi so ethers baya aiki da shi kai tsaye, nasa laburaren daban ne, TronWeb.

Gwaji kuma a Sepolia ake yi, cen ɗin gwaji ce, kuɗinta ba su da daraja, a fosit ake roƙa kyauta, wato shafin da ke raba kuɗin gwaji. Ga nawa nan na tura, na kira wait, bulok na fitowa duk sakan 12, ga shi ya shiga.

Yanzu ga abin da ya sa na yi bidiyon nan tun farko. Makullin sirrinka ta cikin kod ɗin wani yake bi, kuma kasancewar kod a fili baya nufin akwai wanda ya zauna ya karanta shi. A watan Nuwamba na 2018 aka gano wani ɗan ƙaramin fakej mai suna event-stream an sa masa guba, mai shi ya gaji da riƙewa, wani baƙo ya ce a ba shi ya taimaka, aka ba shi, sai ya cusa kod da ke kwance ba motsi sai in ya tsinci kansa cikin walet ɗin Copay, nan ne zai fara neman makullai. Kuma fa event-stream ba ma laburaren kirifto ba ne, wani ne ya jawo wani ya jawo shi. A 2023 kuma sai ga na Libbitcoin Explorer, umarninsa na bx seed yana haɗa kalmomin sirri, waɗanda makullin walet ke fitowa daga cikinsu, daga bit 32 kacal na agogon kwamfuta, wato yiwuwa kusan biliyan 4.3, wanda kwamfuta mai ɗan ƙarfi zata bi ɗaya bayan ɗaya cikin kwanaki. Kalmomin a ido lafiyarsu ƙalau, ba yadda za a yi ka gane, sai a watan Yuli mutane suka wayi gari an kwashe musu kuɗi. A Disamba na 2024 ma an saki siga biyu masu guba na laburaren Solana, 1.95.6 da 1.95.7, bayan an sace asusun wani mai ikon wallafawa.

To me zaka yi? Buɗe package.json ɗinka, fayil ɗin da ke jera laburaren da manhajarka ke amfani da su, ka ga wannan 'yar alamar mai kama da hula a gaban lambar siga? Ita ke ba npm izinin ɗauko sabuwa ba tare da ya tambaye ka ba, cire ta. Fayil ɗin package-lock ka sa shi a git, a kan saba kuma, wato kwamfutar da manhajar zata yi aiki a kai, npm ci zaka rubuta ba npm install ba, don ya sauke ainihin abin da ka gwada. Sabuwar siga in ta fito ka bari ta kwana biyu, na Solana ɗin nan cikin sa'o'i aka gano aka cire, wanda ya yi haƙuri bai ma san an yi ba. Ka duba harafin sunan fakej da kyau kafin ka danna enta, ana yin na bogi masu kama da na gaske. Shi kuma makulli wallahi kada ya shiga kod, kada ya shiga GitHub ko na minti ɗaya, akwai bot da aikinsu kenan neman makullai a can dare da rana, kuma in manhajar burauza ce ma baka da dalilin ganin makullin kowa, bar MetaMask ya sa hannu kai ka karɓi sakamako.

Bidiyo na gaba zamu ɗauki TronWeb mu yi wannan aikin dai da USDT, ku zo da adireshin gwaji a shirye. Sai mun haɗu.