Me ya sa hoton ƙarƙashin teku yake fitowa shuɗi? Nitso daga bakin gaɓa da kyamara a hannu

Toh jama'a, ku ɗauka ga hotuna biyu a gabanku. Kifi ɗaya ne, wuri ɗaya, minti ɗaya ma aka ɗauke su. Na farko shuɗi ne fes kamar an wanke shi da bula, na biyu kuma ga ja ga ruwan ɗorawa, har ɗigo-ɗigon jikinsa kana gani. Ba kyamara aka canza ba, matsowa kawai aka yi aka kunna fitila.

Abin da ke faruwa shi ne ruwa yana shanye launi. Ja ne yake fara tafiya, da ka sauka kamar mita 5 ya kusa ɓacewa, sai ruwan lemo ya bi shi, sai ruwan ɗorawa, a ƙarshe shuɗi ne kaɗai ke rage maka. Shi ya sa in dutse ya yanke ka a yatsa can ƙasa, jinin zaka ga ya fito kore-kore mai duhu, wallahi ranar farko sai ka tsorata. Kuma ba zurfi kaɗai ake lissafawa ba, har da tazarar da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka, don haka kifin da yake mita 3 daga gare ka, ko filasha ka haska masa hasken sai ya je ya dawo, mita 6 kenan, jan ya mutu a hanya. Masu wannan harka kullum maganarsu ɗaya ce, matso, in kana ganin ka matso to ƙara matsowa. Ga kuma yaudarar gilashin fuska, komai yana ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku kuma ya yi kamar ya fi kusa, sai ka miƙa hannu ka ji wayam.

Nan ne nitso daga gaɓa yake da daɗi, ba jirgi ba kwale-kwale, ka saɓa silindar iskarka ka taka ka shiga. A mita 5 zuwa 10 akwai hasken rana sosai kuma iskarka ta fi daɗewa, tunda duk mita 10 da ka sauka matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya guda, a mita 10 kana zuƙar ninki biyu na abin da kake zuƙa a sama, a mita 30 ninki huɗu. Mai hoto kuwa lokaci yake nema, sai ya kwashe minti 20 a gaban rami ɗaya yana jiran oktofas, wannan mai hannuwa takwas ɗin, ya leƙo. Tsibirin Bonaire a yankin Karibiyan da wannan ya yi suna, duwatsu ne aka shafa wa fenti ruwan ɗorawa a gefen titi da sunan wurin a jiki, ka ajiye mota ka shiga ruwa. Haka Dahab a Masar, bakin Bahar Maliya.

Amma fa shigar ita ce aikin. Kafin ka sa kaya tsaya ka kalli ruwan na ɗan lokaci, ina igiyar ruwa take karyewa, ina ruwa yake ja ya koma ciki, kuma ta ina zaka fito in ka gaji, don fita ta fi shiga wuya. Lokacin da teku ya gama cika bai fara janyewa ba ya fi kwanciya, galibi ma ya fi haske. Takalmin iyon nan mai faɗi kar ka ce zaka taka da shi a kan duwatsu, riƙe shi a hannu sai ruwa ya kawo maka ƙirji, ka dafa abokin nitsonka ka sa. Eh, abokin nitso dole ne, haka ma horo da takardar shaida, matakin farko iyakarsa mita 18.

Sai akwatin kyamara. Akwai wata roba zagayayya a bakin murfin, ita ce ke tare ruwa, gashi ɗaya tak ko ƙwayar yashi ta kwanta a kanta, shikenan, zaka ga ɗigo yana taruwa a ƙasan akwatin kana kallo ba yadda zaka yi. Cire ta a wuri mai haske, ka bi ta da yatsa, ka shafa mata man silikon kaɗan, kuma kar ka buɗe akwatin a kan yashi. Fitilar ma in ka manna ta kusa da lens, wato idon kyamarar, duk ƙurar da ke yawo a ruwa sai ta haska, hoton ya fito kamar an watsa masa gari, shi ya sa ake ɗora ta a dogon hannu can gefe.

Ni a ganina duk wanda bai iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa ba, ba ya nutsewa ba ya tasowa, to ya bar kyamara a gida tukuna. Ƙafa ɗaya ka buga a ƙasa laka ta tashi hoto ya lalace, in kuma murjani ka taka, abu ne mai rai da wani nau'insa shekara guda santimita ɗaya ko biyu yake ƙarawa. Kuma kyamara tana ɗauke hankali ba kaɗan ba, kana bin wani ɗan dodon koɗi mara ɓawo mai launi kamar an zana shi, nudibirank ake ce musu kuma sun haura nau'i 3,000, sai ka manta da agogon iska. Ana shiga da kamar bar 200 a silinda, bar shi ne ma'aunin matsin iska, a fito da aƙalla 50. Kar ka taɓa riƙe numfashi kana tasowa, iskar huhu kumbura take yi, ka taso a hankali ka tsaya minti 3 a mita 5, kuma a wannan tsayuwar ma sau da yawa kaguwa ko ƙananan kifi suke zuwa har gaban gilashinka, don haka kar ka kashe kyamarar tukuna.