Jawabin Maraba ga Dakta Tomeka Reid

Assalamu alaikum. Iyayenmu dattawan wannan al'umma ta Hausawa mazauna Shikago, iyaye mata, matasa da yaranmu, barkanku da yamma. Babbar baƙuwarmu, makaɗiya Dakta Tomeka Reid, lale marhabin, sannu da zuwa.

Na ce baƙuwa ne don zaurenmu kika shigo, amma a garin nan mu ne baƙinki. Tun shekarar 2000 kika sauka Shikago, bayan kin kammala digirin farko a Jami'ar Maryland. A nan kika yi digiri na biyu a Jami'ar DePaul, a 2017 kuma Jami'ar Illinois ta ba ki digirin dakta. Da yawa cikinmu kin riga mu shan sanyin wannan tafki na Michigan.

Ga dattawan da suka tambaye ni me baƙuwar take kaɗawa, sunan abin celo. Ku ɗauka goge ne ya girma har ya kai ƙirjin mutum. Namu tsirkiyarsa ɗaya, wannan huɗu gare shi. Zama ake yi a kan kujera, a sa shi tsakanin gwiwoyi, wani tsinken ƙarfe ya tokare shi da ƙasa. Abin gugarsa izgar doki ce, kuma sai an shafa mata ƙaro take kama tsirkiya, yadda mai goge ke yi a gida. Muryarsa kuwa kamar ta dattijo mai magana a hankali.

Yadda Turawa suka gada, mai celo takarda yake bi. Abin da Bach, Bajamushe mai tsara kiɗa, ya rubuta shekara 300 da suka wuce, shi za ka kaɗa, ba ƙari ba ragi. Dakta, kin sha wannan horo har kin ƙware. Sai kika shiga cikin makaɗan jaz (kiɗan da Baƙaƙen Amurka suka ƙago) na ƙungiyar AACM, wadda Muhal Richard Abrams da abokansa suka kafa a garin nan a 1965, inda ake so mutum ya ƙago kiɗa nan take. Kika yi aiki da Nicole Mitchell mai sarewa, da Anthony Braxton, da Roscoe Mitchell. Wanda ya saba da takarda aka ce ya rufe ta, sai gabansa ya faɗi. Ke kika koyi rufe ta, kuma ba ki yar da ita ba. Wannan ne ya sa muke jin kiɗanki kusa da zuciya, domin makaɗinmu ma idon jama'a yake dubawa kafin ya san inda zai juya.

Fagen ma ba na celo ba ne. A jaz kakaki da ganguna ke da baki, celo sai su danne shi. Kafin ke an yi 'yan ƙalilan, irin su Oscar Pettiford da Fred Katz da Abdul Wadud. Ke kika sa shi gaba, kika kafa ƙungiyarki ta mutum huɗu da Mary Halvorson da Jason Roebke da Tomas Fujiwara, faifanku na farko ya fito a 2015. A 2022 Gidauniyar MacArthur ta ba ki kyautarta, wadda ba a neman ta, sai dai a zaɓi mutum.

Amma ni abin da ya fi taɓa ni daban ne. A makarantar gwamnati kika fara riƙe celo kina yarinya, kika zo kika koyar da yara shekaru, a 2013 kuma kika kafa taron shekara-shekara na masu kaɗa tsirkiya a jaz, don kada na baya su yi kaɗaicin da kika tarar. 'Yata ta taɓa shigowa gida da celon aro daga makaranta, jakar ta fi ta tsawo, tana jan ta a matakala. Gaskiya ban yi murna ba. Mu mun tashi a inda kiɗa gadon wasu gidaje ne, kuma ba kasafai ake barin 'ya mace ta kusance shi ba. Ranar da ta nuna mini bidiyonki, kin ajiye abin guga kina fizgar tsirkiya da yatsu, na yi shiru na daɗe. Ga ta can a layin gaba da ƙawayenta, tun azahar suke jiran ki.

Roƙonmu ɗaya ne, Dakta: kafin ki tafi ki ɗan zauna da yaran nan, ki duba yadda suke riƙe celon. Iyaye mata sun tanadi masa da miyar taushe da kunun aya, za a gabatar bayan kin yi magana. Allah Ya ƙara basira, Ya mai da ke gida lafiya. Bismillah, fili naki ne.