Lacca: Tashin Ƙungiyar Pantera da Watsewarta

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla. Shugaban taro ya cire agogonsa ya ajiye a kan tebur don in gani. Na gani, ranka ya daɗe. (dariya)

Abu uku zan taɓa a kan wata ƙungiyar makaɗa ta Amurka mai suna Pantera: asalinsu, hawansu, da watsewarsu. Irin kiɗansu shi ake kira hebi metal, wato jitar lantarki a ƙure mata murya, ganguna ba sassauci, mawaƙi na ihu har jijiyar wuya ta fito. Na ga Hajiya ta riga ta yamutsa fuska. Ki kwantar da hankalinki Hajiya, ba zan kunna ba.

Na farko, asali. Wa da ƙane ne suka kafa ta a 1981 a garin Arlington na jihar Texas. Wan, Vinnie Paul, yana kan ganguna. Ƙanen, Darrell, wanda duniya ta sani da Dimebag, yana kan jita. Mahaifinsu Jerry Abbott mawaƙi ne kuma yana da sutudiyo, don haka yaran a cikin sana'ar suka buɗe ido. Rex Brown ya shigo a kan jitar bas. Kundinsu huɗu na farko da kansu suka fitar, a lokacin suna tara gashi su fesa masa mai, su sa matsattsun kaya masu ƙyalli, don shi ne yayin zamanin. Daga baya ko hotunan ba sa son a nuna musu. Kafin kundi na huɗun suka ɗauko wani yaro daga New Orleans, Phil Anselmo, mai kaushin murya, kiɗan ya fara nauyi.

Manyan kamfanoni sun yi ta korarsu. A 1989 guguwar Hugo ta hana wani ma'aikacin kamfanin faifai na Atco tafiya, ya maƙale a Texas, aka ce tunda ba ka da abin yi je ka kalli yaran nan. Ya je, ya buga waya ya ce a ɗauke su. Rabo ke nan. A 1990 kundinsu Cowboys from Hell ya fito.

To yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, musamman ku ɗaliban aikin jarida. A watan Maris na 1994 kundinsu Far Beyond Driven ya fito, a makonsa na farko ya zauna a lamba ɗaya a jadawalin mujallar Billboard, mai jera kundayen da suka fi ciniki a Amurka baki ɗaya. Ba jadawalin 'yan metal ba fa, na kowa da kowa, inda masu waƙar soyayya ke zama. Kundin da manyan gidajen rediyo ba sa iya sakawa da rana! Ta yaya?

Ƙidaya ce. Ku rubuta: ƙidaya. Kafin 1991, yadda Billboard ke haɗa jadawalinta shi ne masu shaguna su ba da rahoton abin da ya fi tafiya a wajensu. Da baki. To ku da kanku, ku je Ƙofar Wambai zamanin kaset ku tambayi mai shago wane fim ya fi fita, me zai ce? Wanda ya cika masa shago yake so ya rabu da shi, ko wanda furodusa ya ɗan shafa masa wani abu. Haka can ma. Mai shago yana da son rai, kamfani yana da hannu, kuma dattijon da ke riƙe da shago ba ya son ya ce kiɗan yaran nan masu dogon gashi ne ke kawo masa ciniki. A watan Mayun 1991 sai Billboard ta koma amfani da wani tsari mai suna SoundScan: duk faifan da aka saya, na'urar kanti ta karanta lambar jikinsa, lissafi ya tafi kwamfuta. Babu ra'ayin kowa a ciki.

Wallahi cikin 'yan makonni jadawalin ya birkice. 'Yan rap na N.W.A suka hau lamba ɗaya. Skid Row, su ma 'yan metal, suka faɗo kai tsaye a lamba ɗaya. Garth Brooks mai kiɗan mutanen karkara shi ma haka. Ashe mutanen nan suna nan da ma, suna sayayya, ba a ƙirga su ne kawai. Na sake faɗa, suna nan da ma. Yaron da ke aiki a gareji, direban babbar mota, ɗan sakandare a ƙauyen da ɗan jaridar New York bai taɓa takawa ba. Shi ya sa idan ɗalibi ya rubuto min cewa “jama'a sun fi son kaza”, jan biro nake sa wa, in tambaye shi wa ya ƙirga, da me ya ƙirga. Malam Shugaba na san kana kallon agogo, bari in ƙarasa wannan.

Kuma akwai dabara ta biyu a ciki. Masoyin irin wannan kiɗa ba ya jira. Ranar da faifai ya fito, ranar yake layi. Tunda an koma ƙirga cinikin mako-mako, ƙungiyar da ke da masoya masu naci tana iya doke mawaƙin da ya fi ta suna nesa ba kusa ba, ko da na mako guda ne. Su kuwa Pantera da ƙafa suka tara mutanensu, gari-gari, shekara da shekaru. A Satumban 1991 har Mosko suka je, filin jirgin Tushino, tare da manyan ƙungiyoyin Metallica da AC/DC, makonni kaɗan bayan juyin mulkin da bai yi nasara ba a Tarayyar Sobiyet, gaban ɗaruruwan dubban mutane. Sannan ku duba lokacin: Metallica ta sassauta kiɗanta a 1991 don ta shiga rediyo, ƙungiyar Nirvana ta zo da nata salon ta kashe kasuwar masu fesa mai a gashi. Kowa na sassautawa ko yana rufe shago, su sai suka ƙara wuta. A ganina wannan taurin kan shi ne jarinsu, fiye ma da gwanintar Dimebag, duk da dai yaron ya iya jita, ba a magana.

Na biyu... a'a, na biyun ai shi na gama. To na huɗu, ko na nawa ne, watsewa. Anselmo ya samu ciwon baya mai tsanani saboda tsalle-tsallen dandamali. Aka ce a yi masa aiki, ya ƙi, don jinyar za ta ajiye shi tsawon lokaci. Ya koma giya da ƙwayoyi, daga nan hodar heroin. Kundin 1996, shi a New Orleans ya ɗauki muryarsa, su uku suna Texas. Ranar 13 ga Yulin shekarar, bayan wasa a Dallas, ya yi wa kansa allura fiye da kima, zuciyarsa ta tsaya na 'yan mintuna kafin a ceto shi. Wasansu na ƙarshe a Yokohama ta Japan ne, Agustan 2001. Harin 11 ga Satumba ya same su a Ailan, aka soke rangadi, kowa ya kama gabansa. Anselmo ya shagala da wasu ƙungiyoyinsa, wa da ƙane suna zaune suna jiran waya. Maimakon a zauna, sai aka koma jifan juna a mujallu. A 2003 wa da ƙanen suka haƙura, suka kafa sabuwar ƙungiya mai suna Damageplan.

Na ga hannu can. Ƙanena, ɗaga murya.

(Mai tambaya: Malam, ni fa na ga bidiyonsu a YouTube suna wasa kwanan nan. Ta yaya aka ce sun watse?)

Yawwa, ka taɓo inda na so in tsallake. Ranar 8 ga Disamban 2004, Damageplan na fara wasa a wani kulob a Columbus ta jihar Ohio, wani mutum ya hau dandamali da bindiga ya harbe Dimebag, yana da shekara 38. Ya kashe wasu mutum uku kafin ɗan sanda ya harbe shi. Dab da haka wata mujalla ta buga hira da Anselmo inda ya ce Dimebag ya cancanci a lakaɗa masa duka. Bincike bai nuna hirar ce ta tunzura maharin ba, a yi adalci. Amma iyalin suka ce kada Anselmo ya zo jana'iza, kuma Vinnie bai shirya da shi ba har ya mutu a 2018.

Waɗanda ka gani, Anselmo ne da Rex Brown, tun 2022, da izinin magada. Zakk Wylde, aminin Dimebag, ya riƙe jita, Charlie Benante na ƙungiyar Anthrax ya hau ganguna. Masoya sun rabu biyu a kai har yau. Idan ni ka tambaya, ƙanena, suna iri ɗaya ne, waƙoƙi iri ɗaya, tikiti kuma yana ƙarewa, amma gidan Abbott ne suka kafa abin nan, kuma babu ko ɗayansu a kan dandamalin. Malam Shugaba, akwai lokacin tambaya ɗaya kuma? Babu? To, ga makirufonka.