Darasin yau: yadda aka ɗauki waƙar zaman bakin ruwa ta Otis Redding

To jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau darasin namu kan waƙa ɗaya ne tak, Sittin' On The Dock of the Bay ta Otis Redding, mawaƙin nan baƙar fata ɗan jihar Jojiya a Amurka. Waƙar zama ce fa kawai, mutum ya samu waje a bakin ruwa yana kallon jirage na shigowa suna fita, ba aiki ba sha'ani, shi ke nan. Masu koyon aikin situdiyo ku kasa kunne don ku na zaɓo ta.

A watan Agusta 1967 ya fara haɗa ta, yana sauke a wani jirgin ruwa da aka mayar gida a Sausalito, nan kusa da San Francisco, wato zaman da yake faɗa ɗin da gaske ya yi shi. Baiti ɗaya ya samu ya tsaya. Sai da ya koma Memphis, inda kamfanin faifansa Stax yake, suka zauna da mai kaɗa jita Steve Cropper suka ƙarasa. Kuma a ɗan tsakanin nan an yi masa aiki a maƙogwaro, ya kwashe makonni ba ya waƙa, mutumin da aka sani da ihu da gumi a kan dandamali sai ga shi ya dawo da murya ƙasa-ƙasa.

Ranar 22 ga Nuwamba suka shiga situdiyon Stax, wanda asalinsa tsohon gidan silima ne, daɓen ma a karkace yake, aka ɗauka, ranar 7 ga Disamba aka dawo aka yi ƙari a kai. To nan ne abin da nake so ku riƙe. Wannan fiton da kuke ji a ƙarshe, wanda kowa ke kwaikwayo, Cropper ya ce ba a tsara shi ba, akwai ƴan maganganu da Otis ya shirya yi a wajen sai suka ɓace masa kawai ya kama fito, faifai kuma na ta juyawa ba a tsayar ba. Ni dai a ganina da a yau ne da tuni injiniya ya danna ya goge ya ce oga a sake.

Kuma ba kowa ya so waƙar ba, shi kansa mai kamfanin Stax, Jim Stewart, gani yake ta kauce wa salon gidan.

Kwana uku bayan wancan ƙarin da aka yi, 10 ga Disamba 1967, jirgin sama ya faɗi da Otis a tafkin Monona kusa da Madison a jihar Wisconsin, yana da shekara 26, tare da yawancin yaran ƙungiyar Bar-Kays masu yi masa kiɗa, mutum ɗaya ne ya fita da rai, mai busa Ben Cauley. Ana cikin wannan jimami kamfanin Atlantic da ke rarraba musu faifai ya matsa a fitar da wani abu, Cropper ya koma ya zauna yin miksin, wato haɗa sautukan a daidaita su, da muryar abokinsa a kunne, shi ya sa ƙarar igiyar ruwa da kukan tsuntsayen teku da kuke ji a ciki. In kun sa abin sauraro a kunne ku lura, ruwan a ƙasa yake can, bai danne jitar bas ba, ku ma in za ku ƙara irin wannan sauti kar ku ɗaga shi ya fi kiɗan.

Aka saki faifan 8 ga Janairu 1968 da tambarin Volt, wani reshen Stax, a watan Maris ya hau lamba ɗaya a jadawalin waƙoƙi na mujallar Billboard ya yi sati huɗu, karo na farko ke nan da waƙar mamaci ta kai can a Amurka, daga baya waƙar ta ci lambar yabon Grammy biyu. Bari in sa muku ƙarshenta yanzu, ku ƙirga daƙiƙa nawa fiton ya ɗauka kafin sautin ya dushe.