Wuta da Inuwa: Me Ya Sa Sihirin Walok Ya Fi Na Kowa Tsada?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. A bidiyon yau kan walok za mu zauna, wato matsafin nan na wasannin taka rawa da yake jifa da wuta da duhu, kuma tun kafin wani ya fara rubuto min wa'azi, wasa ne, ƙagaggen labari ne da lissafi, ba wani abu ba.

To wane ne walok? A irin waɗannan wasanni masu sihiri kala-kala ne. Akwai wanda ya zauna ya yi karatu shekara da shekaru har gemunsa ya yi fari, akwai wanda da abinsa aka haife shi, yana cikin jininsa. Shi kuwa walok gajeriyar hanya ya bi. Ya je ya sami wani abu da ya fi ƙarfinsa suka ƙulla yarjejeniya, ka ba ni ƙarfi, ni kuma in biya ka. Ita kanta kalmar daga tsohon Turanci ta fito, asalin ma'anarta mai saɓa rantsuwa, mai cin amana. Kun ga tun daga sunan ma an riga an ɓata shi.

Bari mu fara da World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 2004, don a nan ne maganar wuta da inuwa ta fi fitowa fili. Walok a can rassa uku gare shi. Akwai mai tsinuwa da cuta, wanda zai liƙa maka ciwo ya koma gefe yana kallo kana ƙarewa a hankali. Akwai mai tara shaiɗanu suna masa faɗa. Sai na ukun wanda shi ne namu na yau, Destruction, reshen rugujewa, shi babu ruwansa da jira, so yake ya ga abu ya zama toka yanzu-yanzu.

Ku kalli allon nan. Abu na farko da zai yi shi ne ya cinna wa abokin gaba wuta da Immolate, wutar ta kama jikinsa tana ci kaɗan-kaɗan. Wannan ba ita ce ɓarnar ba, shimfiɗa ce kawai. Daga nan sai ya riƙa bin sa da ƙananan jifa, Incinerate da Conflagrate, kuma duk jifan da ya yi yana tara wani abu da za mu iya kira ɓarɓashin kurwa, ga su nan a ƙasan hoton suna cika. Da sun kai biyu sai ya saki Chaos Bolt, wannan koren abin da kuke gani yana tafiya kamar kan dodo. Yana ɗaukar lokaci kafin ya fita, dole ka tsaya cak, amma in ya sauka a kan mutum sai ka ga jininsa ya zube kamar an fasa tulu. In kuma abokan gaba sun yi yawa sai ya kashe ɓarɓashi uku ya kira ruwan wuta daga sama. Shi ke nan tsarin, tara ka kashe, tara ka kashe, kuma gwanintar duk tana wajen sanin lokacin da za ka tsaya wuri ɗaya ba tare da an zo an tattake ka ba.

To ina inuwar take? Nan ne abin ya fi daɗi.

A farkon wasan, babban makamin wannan reshe ba wuta ba ne ma, Shadow Bolt ne, dunƙulen duhu. Dalili kuwa mai sauƙi ne, babban wurin yaƙi na farko da 'yan wasa suke taruwa su arba'in su shiga shi ne Molten Core, kogon da yake cike da narkakken dutse, kuma shugaban wurin Ragnaros shi kansa wuta ne. To ka jefi wuta da wuta ka ga me za ka samu? Sai masu walok suka koma duhu. Har bayan fitowar The Burning Crusade, ƙarin farko da aka yi wa wasan, a 2007 salon da ya yi tashe shi ne ka kira shaiɗaniyarka, ka yanka ta a matsayin hadaya don ƙarfin inuwarka ya ƙaru, sannan ka zauna kana danna maɓalli ɗaya tak har a gama faɗan. Mutane sun daɗe suna yi wa masu walok ba'a da wannan, wai ko da yatsan ƙafa za a iya buga su, amma fa su ne a sama a jerin masu ɓarna.

Akwai wani dalili kuma da ya sa riƙe iri biyu yake da amfani. A wasan, in kana tsakiyar haɗa sihiri wani ya katse ka, to ba wannan sihirin kaɗai ya tsaya ba, duk danginsa ake kulle maka na 'yan daƙiƙu. An katse ka kana haɗa wuta, wuta ta kulle, amma inuwa tana nan a buɗe. Mai hannu biyu kenan.

Yanzu mu zo kan farashi, don wallahi nan ne zuciyar walok take. A tsohon tsarin, ɓarɓashin kurwar nan ba lamba ba ce a kan allo, abu ne da yake cin wuri a jakarka. Sai ka je ka sami wani abu yana gab da mutuwa, ka zuƙe kurwarsa, ta zama ɗan dutse mai launin shuni ka jefa a jaka. Kafin babban yaƙi mutum sai ya ɓata lokaci yana farautar kurwa kamar mai tara itace. Sannan akwai Life Tap, inda kake sayar da jininka ka sayi ƙarfin sihiri, wanda a wasan ake ce masa mana, ba "mana" tamu ta "zo mana" ba. Mai warkarwa yana can yana fama da masu faɗa a gaba, sai kawai ya waiwayo ya ga walok ya zubar da rabin jininsa da kansa babu wanda ya taɓa shi. Ga Hellfire, wutar da take fita daga jikinka tana ƙona duk wanda ke kusa, har da kai, kuma in ka yi sakaci ita za ta kashe ka. Mafi muni shi ne tsafin kiran Doomguard, wani ƙaton shaiɗan, sai 'yan wasa sun taru sun kewaye wurin, kuma ɗaya daga cikinsu zai faɗi matacce, ba wanda ya san ko wane ne sai abin ya faru. Da yawa daga cikin waɗannan an sassauta su ko an cire su daga baya, ni dai a ganina an rage wa miyar gishiri, amma da aka dawo da tsohon wasan a 2019 mutane sun sake ɗanɗana su.

Koren launin nan ma ba ado ba ne. A labarin duniyar Warcraft ana kiran wannan ƙarfi fel, kuma abincinsa rai ne. Gul'dan, wanda shi ne fitaccen walok a labarin, shi ya kai mutanensa, ƙabilar da ake kira orc, ga shan jinin shaiɗan Mannoroth, fatarsu da take ruwan ƙasa ta koma kore saboda wannan sihiri, ƙasarsu Draenor ta bushe ta mutu. Shi ya sa ko a birnin Stormwind masu koyar da walok ba a fili suke ba, a ƙarƙashin ƙasa suke a ɗakin ɓoye na wata mashaya. A 2013 aka ƙara wani aiki mai wahalar tsiya wanda in ka ci shi wutarka za ta koma kore, kuma mutane sun sha kashi a kansa duk da ba ya ƙara maka ɓarna ko ɗaya, launi ne kawai.

To mu bar kwamfuta mu koma kan tebur, inda 'yan wasa suke zama tare suna jefa dayis, ƙwayoyin nan masu lamba a fuskokinsu, mutum ɗaya kuma yana jan ragamar labarin. Dungeons & Dragons tun 1974 yake, amma walok irin wanda muka sani yau a 2004 ya shigo, sannan a bugu na huɗu na 2008 ya zama cikin manyan zaɓuɓɓuka, ya kuma ci gaba da zama haka a bugu na biyar na 2014. A nan sai ka zaɓi ubangida, ko sarkin aljanu, ko wani daɗaɗɗen abu daga can bayan taurari wanda wataƙila bai ma san kana raye ba, ko kuma shaiɗan daga ƙasan wuta. Mai son wuta na ƙarshen nan zai ɗauka, don shi ne yake buɗe maka Fireball, ƙwallon wutar da ake jefa dayis takwas masu fuska shida a kanta, tana cin duk abin da ke cikin ƙafa 20 daga inda ta faɗi. Akwai kuma Hellish Rebuke, wani ya buge ka, kafin ya janye hannu wuta ta lashe shi.

Amma ga matsalar, harsashinka kaɗan ne. Daga mataki na 2 har na 10 manyan sihiri biyu kawai kake da su kafin ka huta, yayin da mayen da ya yi karatu yake da su cike da aljihu. Abin da ya cece ka shi ne naka suna dawowa da ɗan gajeren hutu na awa ɗaya, shi ya sa a kowane tebur za ka ji mai walok yana magiya, "don Allah mu ɗan zauna mana." Sauran lokacin Eldritch Blast ne abincinka, wanda ba wuta ba ne ba duhu ba ne, tsantsar ƙarfi ne, kibiya ɗaya a farko, biyu a mataki na 5, uku a na 11, huɗu a na 17. Kuma kar ka manta shaiɗanun wuta a wannan wasa wuta ba ta yi musu komai, wato ranar da ka juya wa ubangidanka baya, makamin da ya ba ka ba zai ko ƙona masa gashi ba. Ku yi tunanin wannan, da gangan ne ko ba da gangan ba, labari ne a kwance.

Ta ɓangaren inuwa kuma akwai haɗin da kowa ya sani, ka saukar da duhun sihiri mai faɗin ƙafa 15 ta kowane gefe, kai kuma kana da Devil's Sight, idon da yake gani a cikinsa har ƙafa 120. Kai kana ganinsu, su ba sa ganinka. A takarda abin ya yi kyau sosai. Ni na taɓa gwada shi a wani siririn lungu, ina ta murna, ashe abokina mai takobi da mai warkar da mu duk suna ciki, suka makance tare da abokan gaba. Mai takobin ya yi zagaye uku yana saran iska, mai warkarwa ba ta ganin wanda za ta warkar, ni kaɗai nake jin daɗi. Har yau in na ɗauki walok sai an tuna min.

Yanzu abin da na fi so mu tattauna, yadda za ka taka rawar. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ce "na jefa masa wuta, maki 28" ya yi shiru. Haba. Wannan lissafi ne, ba labari ba. Kuskure na biyu shi ne wanda zai saka baƙar alkyabba ya koma lungu, ba ya magana da kowa, wai shi mai duhun zuciya. Minti goma kowa ya gaji da shi.

Ka bambanta su a bakinka. Wuta mai hayaniya ce, tana da ƙara, tana da ƙauri, tana barin shaida, gari duka sai ya san ka wuce. Inuwa kuwa shiru ce. Fitila ta dushe ba iska, sanyi ya shiga ƙashi, wanda ta taɓa ba ya ihu, kawai sai ka ga ya manta abin da ya ɗaga takobi zai yi. Wuta ta dace da lokacin da karaktanka ya fusata ya kasa riƙe kansa, inuwa kuma lokacin da ya natsu ya yanke shawara, kuma gaskiya wannan na biyun ya fi ban tsoro.

Ga misali, a ce 'yan fashi sun tare ku a kan gada. Maimakon lamba, sai ka ce, "Na cire safar hannuna ta hagu, wadda ban taɓa cirewa a gabanku ba. Yatsun baƙi ƙirin ne kamar gawayi har zuwa wuyan hannu. Na faɗi wata kalma da ba ku taɓa ji ba, igiyoyin gadar suka fara hayaƙi kafin ma wutar ta fito. Da aka gama na mayar da safar da sauri, amma wanda yake kusa da ni ya ga baƙin ya hau sama da inda yake jiya." Kun ji bambanci? Makin 28 ɗin yana nan, amma yanzu kowa a teburin yana da tambaya, kuma mai jan ragamar wasan ya sami igiyar da zai ja.

Ka zauna da shi mai jan ragamar tun kafin a fara ku yanke me aka yi alkawari. Kar ka ce "raina" kawai, kowa haka yake cewa. Ka sa abin ya zama ƙarami mai ciwo. Duk wutar da ka kunna kana manta fuskar wani da ka sani. Ko inuwarka ba ta bin motsinka daidai, tana makara da daƙiƙa ɗaya, kuma yara ne kaɗai suke lura. Ko ubangidan yana da damar neman alfarma uku a duk lokacin da ya ga dama, ya riga ya karɓi biyu. Sannan ka ba karaktan dalilin da mutum mai hankali zai fahimta, bashi, tsoro, ɗan uwa da yake kwance ba magani, ko kawai girman kai na wanda aka kora daga makarantar sihiri yana so ya nuna musu.

Abu ɗaya da zan roƙa, kar ka fake da "ai halin karaktana ne" ka riƙa ƙona abokan tafiyarka ko ka sace musu kaya. In kana so ka yi wani abu mai nauyi, irin cin amana ko sihirin da zai taɓa karaktan wani, ka tambayi mai shi a gefe tukuna. Sau da yawa ma za ka tarar yana so, har ya ba ka shawarar da ta fi taka muni.

A bidiyo na gaba za mu ɗauki shaiɗanun da walok yake kira ɗaya bayan ɗaya, mu fara da ɗan ƙaramin nan mai tsiwa da yake jifa da wuta yana ƙorafi duk umarnin da aka ba shi. Ku rubuto min me karaktanku ya biya kafin ya sami wutarsa, wanda ya fi ba ni tsoro zan karanta shi a farkon shirin.