Granit Xhaka: Daga Basel Zuwa Sunderland

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yau ina yi muku magana ne daga birnin Basel na ƙasar Suwizalan, kuma wannan ginin da kuke gani a bayana shi ne filin wasa na St. Jakob-Park, gidan ƙungiyar FC Basel, inda Granit Xhaka ya fara buga ƙwallon manya. A nan garin aka haife shi ranar 27 ga Satumba, 1992, iyayensa kuwa Albaniyawa ne 'yan Kosovo, waɗanda suka yi ƙaura bayan mahaifinsa ya sha ɗauri a tsohuwar Yugoslabiya saboda shiga zanga-zangar ɗalibai.

Da yawa daga cikinmu mun taɓa kallonsa tun kafin mu san sunansa. A shekarar 2009, lokacin da Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, yana cikin yaran Suwizalan da suka doke mu da ci ɗaya da nema a wasan ƙarshe a Abuja, ƙwallon da Haris Seferovic ya ci da ka. Bayan nan ya ci kofin lig sau biyu da Basel, ya koma Borussia Mönchengladbach ta Jamus a 2012, har suka ba shi kyaftin tun yana da ƙuruciyarsa.

Shekarunsa bakwai a Arsenal, daga 2016 zuwa 2023, su ne suka fi jawo masa magana, kuma a ganina a nan aka fi yi masa rashin adalci. An daɗe ana ɗora masa aikin tare gida shi kaɗai a gaban masu tsaron baya, alhali ba shi da gudun da aikin yake buƙata, don haka da zarar an zarce shi sai ya kai ƙafa a makare, kati ya biyo baya. Abin ya kai maƙura a Oktoban 2019, a wasa da Crystal Palace, da aka canza shi magoya bayan ƙungiyarsa suka yi masa ihu, shi ma ya mayar da martani cikin fushi, ya tuɓe riga ya wuce ciki. Unai Emery ya karɓe kyaftin daga hannunsa, kuma saura ƙiris ya bar Landan sai Mikel Arteta ya zo ya lallashe shi. Ban ce abin da ya yi daidai ne ba, amma mutumin da ya ce an zagi matarsa, an yi wa 'yarsa mugun fata a intanet, ya cancanci a saurari uzurinsa. Da Arteta ya matsar da shi gaba a kakar 2022/23, ya ci ƙwallo bakwai a lig, kuma a wasansa na ƙarshe ya zura biyu a ragar Wolves, filin da ya yi masa ihu ya miƙe yana rera sunansa.

Duk mai son gane shi, ya kalle shi kafin ƙwallo ta iso gare shi. Zai waiwaya hagu da dama, ya nuna wa abokin wasansa da hannu inda zai tsaya, sannan ya karɓa ya juya, ya aika ta da ƙafar hagu tsakanin 'yan wasa biyu ba tare da wani ado ba. Wannan aikin ne Xabi Alonso ya saye shi dominsa a Bayer Leverkusen, inda tare da su Victor Boniface suka ci Bundesliga ta 2023/24 ba a doke su ko sau ɗaya ba, karo na farko a tarihin ƙungiyar. A wasan ƙarshe na kofin Jamus da Kaiserslautern shi ya ci ƙwallo ɗaya tilo, daga nesa. Wasa guda suka rasa a kakar, wato wasan ƙarshe na kofin Europa da Atalanta, wanda Ademola Lookman ya ci musu uku a Dublin.

A ɓangaren ƙasa, ya fara buga wa Suwizalan a Wembley a 2011, kuma a 2023 ya wuce wasanni 118 na Heinz Hermann, ya zama wanda ya fi kowa sa rigar ƙasar. A gasar Turai ta 2016 ya fuskanci yayansa Taulant, wanda ya zaɓi Albaniya, mahaifiyarsu tana zaune cikin 'yan kallo da riga mai rabin tutar kowace ƙasa. A 2018 ya ci Sabiya ƙwallo, ya haɗa hannuwa ya yi alamar gaggafar Albaniya, FIFA ta ci shi tara. Shi ne kuma kyaftin ranar da suka fitar da Faransa a bugun fanareti a 2021, da ranar da suka doke Italiya da ci biyu da nema a 2024.

A 2025 ya bar Leverkusen, ƙungiyar da ke buga gasar zakarun Turai, ya koma Sunderland, wadda ta hauro Firimiya a shekarar, kuma tun kafin a fara kaka suka ɗaura masa kambun kyaftin, yana dab da cika shekara 33. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, in Allah ya kai mu.