"Kai Ma Ka Yi": Yaƙi, Laifi da Bakin Magana

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji? Madalla. Abubuwa 3 zan taɓo, in Allah Ya yarda, kan wannan gardama da ba ta ƙarewa: ƙasa ta zargi wata da ta'asa a yaƙi, waccan ta juyo ta ce, ke fa? Hausawa sun riga sun gama maganar, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Na farko, Nuremberg. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka da Ingila da Faransa da Tarayyar Sobiyat suka kafa kotu a wannan birni na Jamus don hukunta manyan 'yan Nazi, aka yanke hukunci a Oktoban 1946. Cikin waɗanda aka gurfanar akwai Karl Dönitz, shugaban sojojin ruwa. Laifinsa? Jiragensa masu tafiya ƙarƙashin ruwa suna nutsar da jiragen 'yan kasuwa ba gargaɗi, abin da yarjejeniyar Landan ta 1936 ta hana. To lauyansa, Otto Kranzbühler, mutum ne mai wayo, ina son ku kula da shi. Sai ya nemi a aika wa Chester Nimitz, babban kwamandan ruwan Amurka a tekun Fasifik, tambayoyi a rubuce. Nimitz kuwa bai ɓoye ba, ya ce mu ma haka muka yi wa Japan tun ranar farko. Tun ranar farko, jama'a!

Amma ku lura da dabarar. Lauyan bai ce "kun yi, mun yi, a tashi" ba, don ya san alƙali ba ya karɓar wannan. Cewa ya yi, tunda kowa haka yake yi, ashe haka dokar take a aikace. Kun ga bambancin? Ɗaya yana cewa dukkanmu masu laifi ne, ɗayan yana cewa ba wanda ya yi laifi. Kotun ta rasa yadda za ta yi. Ta ce Dönitz ya karya yarjejeniyar, amma ba za ta lissafa wannan cikin hukuncinsa ba. Shekara 10 aka ɗaure shi, kan wasu tuhume-tuhumen. Wato an ce ka yi laifi, amma ba za mu iya kallon idonka mu hukunta ka a kai ba.

Ban bar Nuremberg ba tukuna, ku yi haƙuri, nan ne daɗin yake. Masu gabatar da ƙara na Sobiyat suka cusa kisan dajin Katyn cikin tuhumar Jamusawa. Alhali 'yan sandan ciki na Stalin ne suka harbe 'yan Polan kusan 22,000 a 1940, hafsoshin soja da 'yan sanda da masu ilimi. Wanda ya yi kisan yana zaune a kujerar mai ƙara, ɗan'uwansa yana kujerar alƙali! Da aka zo karanta hukunci, shiru aka yi kan Katyn. Sai a 1990, zamanin Gorbachev, Mosko ta amsa. To yanzu ina tambayarku: wannan munafunci ya wanke 'yan Nazi daga kisan Yahudawa miliyan 6? Bai wanke su ba. Alƙalin yana da datti, hujjar kuma tana nan daram. Dole ka riƙe biyun tare, ko da hannu zai gaji.

Na biyu... lokaci na gudu, Malam mai gabatarwa yana ta duban agogo (dariya). A taƙaice, Turkiyya da Faransa. A Disamban 2011 majalisar Faransa ta amince da ƙudurin hukunta duk wanda ya musanta kisan ƙare-dangin Armeniyawa, Erdogan ya ce su fara duba abin da suka yi a Aljeriya. Ga kuma Namibiya: a Janairun 2024 Shugaba Hage Geingob ya caccaki Jamus don ta goyi bayan Isra'ila a ƙarar da Afirka ta Kudu ta kai kan Gaza, ya tuna mata ƙabilun Herero da Nama na ƙasarsa da ta hallaka daga 1904. Na huɗu, au, na uku ko? Kotun ICC, mai hukunta manyan laifuka ta duniya. Amurka ba mamba ba ce. Da aka ba da sammacin kama Putin a Maris 2023, Biden ya ce daidai ne. Da aka ba da na Netanyahu a Nuwamban 2024, ya yi tir. Kotu ɗaya ce fa.

Ga hannu can. Bismillah, 'yata.

(Wata ɗaliba: Malam, Turawan da suka yi mana abin da suka yi, suna da bakin magana kan Yukren?)

Allah Ya yi miki albarka. Bakin, ba su da shi, amma maganar tana iya zama gaskiya, kuma mutanen Bucha, garin Yukren da aka kashe farar hula, ba su ne suka zo ƙasarmu ba. Sai dai tunda kin taɓo, bari in faɗa. A 1906 sojojin Ingila suka shafe garin Satiru kusa da Sakkwato, aka kashe kimanin mutum 2,000. Kafin nan, a 1899, ayarin Voulet da Chanoine na Faransa ya ƙone Birnin Ƙonni, ya gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. Ta'asar ta kai har Faris ta turo Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi, daga baya sojojinsu suka kashe Voulet da Chanoine. Aka yi bincike, aka rufe. Kun san dalilin da aka bayar? Wai zafin ranar ƙasarmu ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Zafin rana! Mu da aka haifa cikinta, har yau ba mu ƙone Faris ba (dariya). Wa ke da wata tambayar?